Inda Inna Ta Faɗi

A tsakar gidana Inna ta faɗi. Na fara da wannan ne saboda wata biyar na yi ina gaya wa mutanen Gwarzo wani wuri daban, har ni kaina na kusa yarda.

Tayil na sa aka shimfiɗa a tsakar gidan, fari mai ƙyalli, irin wanda na gani a gidan wani abokina a Kano. Ranar da aka gama aikin, ƙanena Abdulnasir ya zo daga Kabo. Ya murza takalminsa a kai sau biyu, ya ce wannan ba abin sakawa ba ne a gidan da tsohuwa take. Na ce masa ya fara gyara nasa tsakar gidan da kaji suke tono tukuna, sannan ya zo ya koya mini gini. Inna tana zaune tana jin mu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma taɓa gyara mini magana a gaban mutane ba. Matata Kamila kaɗai ta gaya wa cewa ƙasar gidan ta koma kamar an zubar da miyar kuɓewa. Kamila ta kawo mini zancen, muka yi dariya.

Inna tana da zagayenta. Kullum da hantsi, in ta gama shan koko, sai ta yafa mayafi, ta zura silifas ɗinta shuɗi, ta fita. Ba aike ba ne, ba cefane ba ne. Ta bi lungunmu, ta tsallake kwatar gidan Malam Hambali mai gyaran keke, ta tsaya ta gaisa da matarsa Bilki a bakin kaskon ƙosai, ta huta a gindin darbejiyar masallaci, ta zaga ta bayan makarantar firamare, ta dawo ta bakin rijiya. Tafiyar da ni zan yi a minti goma, ita sai ta ci mata awa da rabi. Ta san akuyar wa ke da ciki, ta san katangar wa ta tsage, ta san wace tsohuwa ce yau ba a ji tarinta ba. Ni kuwa da na shiga mota na nufi shagona na taki da maganin feshi, ko da an rushe rabin unguwar ba lallai in lura ba. Nakan tsokane ta in ce mai unguwa ya kamata ya riƙa biyanta albashi.

Ranar wata Alhamis Kamila ta wanke tsakar gida da omo, don muna da baƙi. Inna ta dawo daga zagayenta lafiya lau, ta yi sallama, ta wuce ni a zaure. Taku biyu ta yi a kan tayil ɗin. Na ji ƙarar faɗuwarta, na ji ta yi salati sau ɗaya, shi ke nan.

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai dai Kano. Muna jiran mota Abdulnasir ya kira. Bayan ya gama salatinsa sai ya tambaya a ina ta faɗi. Wallahi ban shirya ƙarya ba. Ganinsa kawai na yi a idon zuciyata yana murza takalmi a kan tayil ɗina, sai na ji bakina ya ce, "A lungu, wajen kwatar Malam Hambali."

Kamila ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Inna tana kwance idonta a rufe, amma na ga yatsanta ya tsaya a kan carbi na ɗan lokaci kafin ya ci gaba.

Kafin mu dawo daga Kano maganar ta gama unguwa. Kwatar nan ta fi shekara talatin a wurin, kowa yana tsallake ta bai taɓa cewa uffan ba, amma yanzu kowa ya tuna ranar da ta kusa kayar da shi. Mai unguwa ya yi wa Malam Hambali faɗa a ƙofar masallaci a gaban jama'a. Wasu matan suka daina aikawa a sayo ƙosai wajen Bilki, wai ba za su ci abin gidan da ya karya Inna ba. Kwana biyu da dawowarmu sai ga dattijon a zaurena. Sa'an mahaifina ne, amma ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa. Ya ce ya kasa barci, ya ce in roƙar masa Inna gafara, ya ce da ya sani da tuntuni ya rufe kwatar.

Na ce, "Haba Malam, ƙaddara ce. Mu ba mu riƙe ka da komai ba."

Har da dafa masa kafaɗa. Ya fita yana sa mini albarka, yana cewa irina ba su da yawa. Duk abin da na aikata daga baya, wannan dafa kafaɗar ce take fara zuwa mini in na tuna.

Likitan da ya yi wa Inna aiki ya ja mana kunne ƙwarai. Ya ce aiki ya yi kyau, amma ƙafar da ba a takawa mutuwa take yi. Ya ba mu wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ce kullum ta taka, yau kaɗan, gobe a ƙara. Aka yi sa'a muna da Hanna, tsohuwar nas ce 'yar Filato, mijinta yana koyarwa a firamaren da ke bayanmu, kuma gidanta yana cikin tashoshin Inna. Ba mu kira ta ba, da kanta ta zo. Ta riƙa tayar da Inna tana ƙirga mata taku daga gado zuwa ƙofar ɗaki, taku biyar, a dawo. Inna tana cije leɓe, gumi yana zuba, amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Cikin sati biyu ɗakin ya yi mata kaɗan.

Da suka leƙa tsakar gida, Hanna ta ɗora ƙafar ƙarfen a kan tayil ta tura, ya zame. Ta ce a nan kam ba za ta yarda ba. Ta ce in riƙa ɗauko Inna zuwa zaure, ita kuma ta fita da ita lungu inda ƙasa take da riƙo, su fara da zuwa darbejiyar masallaci. Na ce to, babu laifi, gobe ma. Fuskar Inna ta yi haske irin wanda ban gani ba tun kafin faɗuwar. Ta sa aka wanke mata mayafi.

Da yamma na shiga gaishe ta, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, in na fita gidan Bilki zan fara zuwa. Ina da magana da ita."

Na san maganar. Inna ba za ta tona ni a gaban mutane ba, amma ba za ta iya tsallake ƙofar matar nan ta wuce ba. In Bilki ta ji, Malam Hambali ya ji. In ya ji, masallaci ya ji, daga nan kuma sai Kabo.

Washegari na ce an yi ruwa, lungu ya yi laka, a bari ya bushe. Da ya bushe na ce rana ta yi zafi. Sai na ce ina da tafiya Lakwaya kai taki, ba mai ɗauko ta. Sai na ce na yi waya da likita ya ce a ɗan ƙara mata hutu, alhali ko lambarsa ban da ita. Kamila ma ta samo nata dalilin, don ita ta zuba omon. Ta ce mutane za su ce me, a ga uwar Alhaji tana jan ƙarfe a titi kamar wadda ba ta da gata. Abdulnasir da ya zo dubiya shi ma ya goyi bayana da zuciya ɗaya, ya ce kada a kuskura a sake barinta ta bi lungun nan. Ƙaryata ta je Kabo ta dawo tana taya ni aiki.

Hanna ce kaɗai ta ƙi ganewa. Kullum sai ta zo ta tambaya yau fa. Daga ƙarshe na tare ta a zaure na yi mata godiya mai tsawo, na ce mun samo wani ma'aikacin asibiti da zai riƙa zuwa, ta huta haka nan. Ta dube ni har sai da na kau da kai.

Ta ce, "Alhaji, ƙafar Mama ba za ta jira ka ba."

Babu wani ma'aikaci da ya zo. Silifas ɗin Inna na ɗauke na jefa a but ɗin motata. Ƙarfen dogarawa Kamila ta fitar da shi wai yana tare wuri, ya koma bayan ɗaki ana shanya tawul a kai. Na yi tunanin fasa tayil ɗin, ba sau ɗaya ba. Amma wanda ya fasa sabon tayil ai sai an tambaye shi dalili.

Kada a ce mun wulaƙanta ta. Kula kam mun yi, irin wadda ake gani. Farfesun kaza, madara, lemo, sabuwar katifa, fanka mai caji, har talabijin na kafa mata a bango. Masu dubiya suna shiga suna fita suna cewa Allah ya ba kowa ɗa irin Jibirin. Sai dai duk wanda ya shiga, ko ni ko Kamila ɗayanmu yana zaune a gefe. In an tambayi Inna yadda abin ya faru, mu muke amsawa. Ita sai ta ce an gode, Allah ya ba da lada, ta ja carbinta. Bilki ta zo sau biyu, sau biyun Kamila ta ce mata Inna tana barci.

A watan farko kullum sai ta tambayi takalminta. A na biyu ta koma tambaya ranar Juma'a kaɗai. A na uku ta daina. Taku biyar ɗin cikin ɗaki ma ya tsaya, don ba mai tayar da ita, Kamila tana tsoron kada ta faɗi a hannunta, ni kuma ina shago. Ƙafar ta fara sirancewa daga cinya, ƙasanta kuma yana kumbura. Bayanta ya yi ciwo saboda kwanciya. Abinci da ake yabonmu a kansa ya riƙa dawowa kusan yadda aka kai shi. Matar da ba ta taɓa bari wani ya ɗauko mata buta ba, yanzu sai an kawo mata fo, in an zo ɗauka ta juya fuskarta bango.

Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar makullin da na manta, sai na ji tana magana ita kaɗai. Na tsaya a bakin taga. Zagayenta take yi da baki. Tana cewa ga mu a lungu, a hankali, ga kwata, a ɗaga ƙafa. Bilki ina kwana, ya hayaƙi. Ga darbejiya, bari mu zauna. Ta yi shiru daidai tsawon hutun da takan yi, sannan ta tashi ta ci gaba zuwa bayan makaranta. Na tsaya har ta dawo ta bakin rijiya. Da ta iso ƙofar gidanmu sai ta yi shiru, ba ta shigo ba.

Da na shiga ta tambaye ni ko zogalen gidan liman ya yi fure, ko akuyar Zulaiha ta haihu. Na ce ban sani ba. Ta ce ai ta gabansu nake wucewa kullum. Na ce zan duba, ban kuwa duba ba.

Malam Hambali kuwa bai zauna ba. Ya sayar da tunkiyarsa da 'ya'yanta biyu ya sayi siminti da rodi. Da hannunsa ya rufe kwatar daga farko har ƙarshe, ya karce saman simintin da tsintsiya don kada ya yi santsi. Bai tsaya nan ba. Ya gina ɗan dakali a ƙofar gidansa, ya gina wani a tsakanin gidansa da masallaci, wai don in Inna ta fara fita ta samu wurin hutawa. Kullum ina wucewa a mota ina ɗaga masa hannu, yana durƙushe yana yayyafa wa siminti ruwa.

Ranar wata Asabar, bayan la'asar, ya zo. Wannan karon bai tsaya a zaure ba, don tare da Abdulnasir suka shigo, sun haɗu a ƙofa, shi kuma ya ce masa ai dattijo kamarsa ba ya buƙatar iso. Ina cikin ɗakin Inna na ji sallamarsu. Ba yadda zan yi.

Ya durƙusa a bakin ƙofa suka gaisa. Ya tambayi jiki, ya tambayi haƙuri, ta tambayi Bilki da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce aiki ya kammala. Ya ce bai bari kowa ya zauna a kan dakalin ba tukuna. Abin da yake roƙo shi ne ta zo ta taka wurin da ƙafarta ko sau ɗaya, daga nan zai san ta yafe masa, ya samu ya yi barci.

Inna ta ce, "A kawo mini takalmina."

Kamila ta fara cewa ai likita, Inna ta ɗaga mata hannu. Na fita na buɗe but ɗin mota na ɗauko silifas ɗin, duk ƙurar taki. Na durƙusa zan saka mata, suka ƙi shiga, ƙafar ta kumbura. Ta ce a bar su. Abdulnasir ya nemo ƙarfen a bayan ɗaki, ya sauke tawul ɗin da ke kai yana dubana. Muka kama ta, ni dama shi hagu, muka ɗaga. Ba nauyi, kamar an ɗauki damin kara. Ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Gwiwar ta ƙi miƙewa. Ta yunƙura, jikinta duka yana rawa, ƙafar ko motsi. Ta sake yunƙurawa. A karo na uku ta saki ƙarfen da kanta ta ce mu zaunar da ita.

Da numfashinta ya dawo ta dubi Malam Hambali. Ta ce, "Malam, ka je ka yi barcinka. Shekara talatin ina tsallake kwatarka, ba ta taɓa kayar da ni ba. Ran nan ma lafiya na tsallake ta."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ko a lokacin ba ta kama sunana ba, ba ta dubi inda nake ba. Ta bar mini sauran. Abdulnasir ya juya ya dubi tsakar gida ta ƙofa, yana ƙyalli da ruwan wanke-wanke. Sai na buɗe baki na faɗa. Ban ma faɗa da kyau ba, guntu-guntu ya fito, da tayil, da omo, da waya, da takalmin da na ɓoye.

Na so Malam Hambali ya zage ni. Bai yi ba. Ya miƙe da kyar, ya yi wa Inna Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Ina kallonsa yana ratsa tsakar gidana a hankali, hannunsa ɗaya a jikin bango, yana lallaɓa ƙafa kamar mai tafiya a bakin rijiya.

Washegari na kira masu guduma suka fasa tayil ɗin. Rabin yini ya ɗauke su. Abin da na kasa yi a wata biyar ke nan, rabin yini. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci, a daidai inda aka yi wa dattijon faɗa, na faɗi gaskiya. Wasu suka ce na yi jarumta. Na fi jin ciwon wannan a kan masu tofar da yawu, don har yanzu yabona ake yi a kan abin da ya kamata a kore ni. Abdulnasir ya ce zai tafi da Inna Kabo, ita ta ce ba inda za ta, a nan ta san kan hanya.

Na je har gida na ba Hanna haƙuri. Ta zo ta duba ƙafar, ta lanƙwasa, ta miƙar, Inna tana runtse ido. Muka koma Kano, likita ya faɗi abin da Hanna ta riga ta faɗa mini a zaure. Za a yi ƙoƙari, amma kada mu sa rai. Ya tambaya me ya hana ta takawa tun farko.

Na san ba ni kaɗai ba ne. A gidaje da yawa akwai tsoho ko tsohuwa a ƙuryar ɗaki, an kewaye su da katifa da fanka da farfesu, an ce ana tattalinsu ne. In ka bincika, ba faɗuwarsu ake tsoro ba. Wani kunyar ganinsu a titi yake ji, wani ƙiwar riƙe musu hannu, wani kuma, irina, bakinsu yake tsoro. Mukan rufe su mu kira abin kulawa, makwabta su sa mana albarka, mu ce amin.

Yanzu kullum da hantsi ba na buɗe shago sai na tura Inna a keken guragu mun yi zagayen. Awa da rabi, ba ta yarda a rage. Na san zogalen gidan liman, na san akuyar Zulaiha biyu ta haifa ɗaya ya mutu. Bilki tana ba ta ƙosai mai zafi a takarda, ni kuma ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba na ganin laifinta.

Ranar farko da muka fita, da muka iso ƙofar Malam Hambali, yana zaune yana liƙin taya, Inna ta ce in tsaya. Ta ce in sauke mata ƙafar. Na durƙusa na ɗago ta da hannu biyu daga kan matakin keken, na ajiye a kan simintin, ba takalmi. Ta ɗan goga tafin a kai, iya yadda ya motsu. Malam Hambali ya ajiye tayar yana kallo.

Ta ce, "Aiki ya yi kyau, Malam. Ba shi da santsi."

Sannan ta ce in mayar mata da ƙafar, don ita ba za ta iya ɗagawa ba.